Kawu Koci da Masarar da Ya Bari Cikin Ciyawa

Kawu ya rasu ranar Litinin da hantsi, a asibiti a Malumfashi. Ina Funtua cikin keke napep, na ɗauko mata biyu da buhun barkono, sai Mama ta kira ni. Ba ta yi wani kwana-kwana ba. Ta ce, "Yayana ya tafi. In ka ga dama ka zo." Ta kashe waya. Na sauke matan nan a inda ba nan suka ce ba. Ɗaya tana ta zagina, ban ma ji abin da take faɗa ba.

Kafin in isa Gozaki motoci sun riga ni. Tsofaffin 'yan ƙwallonsa ne, waɗanda ya horar a kwaleji cikin shekara talatin da wani abu, daga Funtua, daga Zariya, daga Katsina. Kusan dukkansu Musulmi ne, mu kuma gidanmu Kirista ne tun zamanin kakanmu. Kowa ya watsar da abin da yake yi ya taho a guje, don kada a binne Koci ba ya nan. Kyaftin ɗinsa na farko, wanda yanzu Alhaji ne mai shagunan taki a Kano, ya fito daga mota hula a hannu yana haki.

"An kai shi? Don Allah kada ku ce mini an kai shi."

Fasto ya ce, "Sannu da hanya, Alhaji. Ba a kai shi ba. Sai Asabar. Muna jiran ɗiyarsa daga Fatakwal."

"Asabar? Yau fa Litinin ce."

"Litinin ce."

"To yanzu yana ina?"

"Yana ɗakin ajiye gawa, can asibiti."

Alhaji ya tsaya yana kallon Fasto. "Cikin ƙanƙara? Koci? Mutumin da ya hana mu shan ruwan sanyi?" Wani daga baya ya yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka. Alhaji kuwa ya zauna a ƙasa da shaddarsa, ya kifa kai a gwiwa.

Shekara da shekaru suna cin tuwo a gidan nan, suna kwana a zauren nan in za a tafi wasa, amma ba wanda ya taɓa tambayar yadda muke binne namu. Mu ma ba wanda ya tuna ya gaya musu a waya. Sai ga maza cike da ƙofar gida a kan tabarmi, ba gawar da za a ɗauka, kuma kunya ta hana kowa ya juya ya tafi.

Matarsa, wadda duk muke ce wa Inna, ba ta yi kuka ba. Tana zaune a tsakar gida cikin matan zumunta na majami'a. Duk wanda ya durƙusa ya ce, "Inna, ya haƙuri?" sai ta ce, "Da godiya. Masarar bakin rafi ba a yi mata maimai ba." Mata suka fara kallon juna, suna tsammanin mutuwar ce ta taɓa mata kai. Ba kanta ba ne. Kawu ya yi noman farko da hannunsa, sannan ciwo ya kwantar da shi sati uku. Ciyawa ta kamo masara, ta fara shaƙe ta. Gonar nan ita ce abincin Inna na shekara, ba su da ɗa namiji, ɗiyar kuma tana nesa. In aka ƙara sati guda ba a shiga ba, sai dai kara. Kuma gonar tana can gefen da mutanen daji suke ratsawa da baburansu, 'yan ƙwadago sun daina zuwa wajen.

Ni a aji huɗu na bar makaranta, rubutuna yadda nake magana ne, ku yi haƙuri da shi. Abin da ya sa na zauna nake yi, na san za a yi ta maganar kofuna. Gaskiya ne, ya ciwo kofuna har saman kabad ɗin ofishin makaranta ya cika, aka riƙa ajiye wasu a ƙasa. Yaransa sun buga wa jiha, wasu sun wuce nan. Amma in kofi kaɗai aka riƙe, an manta mutumin.

Ga yadda abin ya faro, kamar yadda manyanmu a fili suka ba mu labari. Farkon zuwansa, da damina ta faɗi sai fili ya watse. Yawancin yaran 'ya'yan manoma ne, iyaye su janye abinsu. Wata rana ana tsakiyar atisaye wani tsoho ya shigo fili da fartanya a kafaɗa, ya kama kunnen ɗansa ya ja shi. Kawu ya bi shi har bakin hanya yana ba shi haƙuri. Tsohon ya juyo ya ce, "Malam, ƙwallon nan taka za ta cika mini rumbu?"

Kawu ya ce, "Ba za ta cika ba, Baba. Gonar tana ina?"

Asabar da sassafe sai ga shi da 'yan wasa gaba ɗaya, kowa da fartanyar aro. Aikin da tsohon zai yi kwana goma yana yi, kafin azahar an tashi. Tun daga nan ya zama doka. Kowace Asabar ta damina akwai gayya a gonar uban ɗaya daga cikin 'yan wasa, bi da bi, yana rubuta sunayen a bayan ƙofar ɗakin ajiye kaya. Uba ya samu noma, shi kuma ya samu yaronsa sauran kwanakin.

Abin da mutanen waje ba su sani ba, a gonar yake zaɓen waɗanda za su buga. Ba a fili ba. Zai jera mu kowa da kunyarsa, shi ma ya kama tasa, amma idonsa yana kanmu. Wanda ya gama tasa ya tafi inuwa ya zauna, ko ya fi kowa iya yanka, benci ne. Wanda ya gama ya juyo ya taro na kusa da shi daga ƙarshen kunya, shi ne zai sa jesi. Yana cewa, "Wanda ya gama tasa ya zauna, in an ƙwace ƙwallo ma ba zai dawo baya ba. Na gan shi, ba sai an gaya mini ba."

Kocin wata makaranta ya taɓa yi masa ba'a a Katsina, ya ce, "Ka zo da manomanka?" Kawu ya ce, "Na zo da su. Ka ce wa naka su ci abinci sosai." Minti ashirin na ƙarshe yaran can suna riƙe ƙugu, namu kamar lokacin aka fara.

Da la'asar ta yi yakan busa usur, ko ana tsakiyar me. Musulmi su tafi salla, shi ya zauna gadin takalma. Kuma yana lura. Akwai wani ɗan baya mai wayo da yake zagayawa bayan aji ya jiƙa fuska ya dawo. Kawu ya ce, "Kai, goshinka ba ƙasa. Koma."

"Haba Koci, kai da ba Musulmi ba?"

"Ubanka da ya ba ni amanarka bai ce ban da salla ba. Wuce."

Ba zan ce ba shi da laifi ba, don shi ma ba ya son ƙarya. Bakinsa da ɗaci. Igiyar usur ɗin nan ta sha bayan da yawa daga cikinmu. Ban taɓa jin ya ce wa yaro ya yi ƙoƙari ba, iyakarsa ya miƙa maka gyaɗa daga aljihu ba tare da ya kalle ka ba, ka gane da kanka. Akwai wanda ya sa ya buga da ciwon gwiwa, har yau yana ɗingishi, bai kuma zo gaisuwa ba, ni ban ga laifinsa ba. Ita ma Inna ta sha. Gonar kowa a yi gayya, tasu ce ta ƙarshe a jeri, wani lokaci ma damina ta wuce ba a kai kanta ba. Ita take duƙawa ita kaɗai, ta dawo ta tuƙa tuwon 'ya'yan mutane.

To, ni.

Ni ne lamba tara a lokacina. Ba yabon kai ba ne, ku tambaya, ina cin ƙwallo. Kuma ɗan ƙanwarsa ne ni, a gidansa nake zaune. Sai kai ya kumbura. Saura sati ɗaya wasan ƙarshe na kofi, gayya ta faɗo gonar baban golanmu. Bamaguje ne, tsoho, can cikin ƙauye, tafiyar ƙafa mai nisa. Na ce a raina ni yanzu na wuce nan. Asabar ɗin na sulale na hau mota zuwa Funtua, na shiga gidan kallo na kalli wasan Turawa. Na dawo da yamma, Kawu bai ce mini komai ba. Ranar Litinin ma bai ce ba. Duk satin muka yi atisaye da ni a gaba. Na ce shi ke nan, jini ya fi doka.

Ranar wasa, a ɗakin sa kaya, ya ɗauko jesi mai lamba tara ya wuce ta gabana ya miƙa wa wani yaro da ko bugun kwana bai iya ba. Na zauna a benci minti casa'in. Mutane suna kiran sunana daga bayan waya, bai ko waiwayo ba. Aka ci mu ɗaya da nema.

A bayan a-kori-kura muna dawowa, gaban kowa, na ce, "Kai manomi ne, ba koci ba. Shi ya sa ka tsufa a kan keke, yaran da ka koya wa suna wuce ka da mota."

Kawu ya juyo. Ya dube ni ya ce, "Ka gama?"

Na ce na gama.

Ya ce, "To."

Litinin ban koma makaranta ba. Na kwashe kayana na tafi Funtua. Na yi dako a kasuwar hatsi, na yi aikin gidan gurzar auduga, na yi acaba, na tafi Kaduna na dawo, ba inda na zauna ya yi mini daɗi. Sau biyu ya zo nemana a tasha. Na farko na ɓuya bayan tirela har ya gaji ya tafi. Na biyu muka haɗa ido, na tayar da keke na ba shi hayaƙi. Shekara tara ke nan. Da ya kwanta ciwo Mama ta ce yana tambayata. Na ce sai na samu sarari. Daga Funtua zuwa Malumfashi fa, ba Legas ba.

To ni ne wannan mutumin da ya zo ya zauna a gefen tabarma ranar Litinin, ba wanda ya kore shi, ba kuma wanda ya matsa masa wuri.

Talata da safe manyan suka fara shawara. A sa kofi da sunansa, a buga riguna da hotonsa, a roƙi hukuma ta sa wa fili sunansa. Kowa yana kawo tasa. Gola yana can ƙarshen tabarma. Har yanzu manomi ne a ƙauyensu, a kan tsohon babur ya zo, kuma dama can ba mai magana ba ne. Sai ya ce, "Tun jiya Inna take magana. Ba ku ji ba ne?"

Alhaji ya ce, "A nemo 'yan ƙwadago mana, ni zan ɗauki nauyi."

Gola ya ce, "An nema, Kyaftin. Ba mai zuwa. Ba a sayen wannan."

Alhaji ya cire hula ya sosa kai. Sannan ya miƙe ya ce, "Gobe da sassafe gayya a gonar Koci. Wanda ya taɓa sa jesinsa ya fito." Kowa ya amsa da ƙarfi. Har da masu cewa in sha Allahu sau biyu.

Laraba mu bakwai muka fito.

Wani ciwon suga, wani ciwon baya, wani an kira shi ofis, wasu tun asuba motarsu ta bar gari. Ba na zagin kowa. An ɗauki mutane a hanyar nan bana, kowa da iyali. Sai dai na tsaya ina kallon fartanyun da Fasto ya bi gida-gida ya aro, an jingine su a bango, sun fi mu yawa nesa ba kusa ba.

Muka isa gonar. Masarar ta yi rawaya daga ƙasa, ciyawa ta kai mata wuya. Gola ya jera mu, ba wanda ya sa shi. Alhaji ya tuɓe babbar riga ya rage daga shi sai singileti da tumbi. Kunya biyu ya yi ya koma gefe ya yi amai, ya kurkure baki ya dawo ya kama ta uku. Wani ya ce, "Kyaftin, a yi canji ne?" Ya ce, "Ubanka za a canja." Muka yi dariya, ita ce dariya ɗaya tak ta ranar.

Ni kuwa shekara tara hannuna bai taɓa fartanya ba. Kafin hantsi tafina ya fashe. Kowa ya wuce ni. Ina cikin fama sai na ji sara a gabana, na ɗaga kai, Gola ne ya gama tasa ya taro tawa. Muka haɗu a tsakiya. Na ce, "Gola, ranar gonar Baba..."

Ya goge fuska da gefen riga. Ya ce, "Baba ya daɗe da rasuwa. Ranar nan akuya ya yanka. Ya ji labarinka a kasuwa, yana ta tambaya, wane ne mai cin ƙwallon, a nuna masa. Koci ya ce masa ba ka da lafiya."

"Kawu ya faɗi haka?"

"Shi ne karo ɗaya da na ji ya yi ƙarya. Kama ta gaba."

Wajen sha ɗaya muka ji ƙarar babura daga hayin rafi. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Nan take kowa ya kwanta rub da ciki a cikin kwarin kunya. Ina jin numfashin Alhaji a kusa da ni, yana karanta addu'a ƙasa-ƙasa, ni ma ina tawa, bakina cike da ƙasa. Suka rage gudu. Suka tsaya, mun ji muryoyi. Sannan suka ja suka yi gabas. Har yau ban san su wane ne ba. Da muka tashi, mutum uku suka ajiye fartanya suka ce a yafe musu. Gola ya ce, "Ku sauka lafiya," ya duƙa. Mu huɗu muka kai azahar. Ko sulusin gonar ba mu ci ba.

Alhamis mu huɗu. Juma'a ni da Gola, don na huɗunmu bai fito ba, Alhaji kuma ya kasa miƙe bayansa, sai da aka kama shi ya shiga mota zuwa masallaci.

Asabar aka kawo Kawu cikin akwati. Motocin da suka gudu duk suka dawo, har da ƙari. Majami'a ta cika, Musulmi suka tsaitsaya a tagogi har aka gama. An yi jawabai. An lissafa kofuna, an ce gwarzo, an ce uban ƙwallon yankin nan. Wani babba ya ce za a yi gasa da sunansa duk shekara, aka tafa. Ba wanda ya ambaci masara. Da aka zo ɗauka zuwa kabari, 'yan wasansa suka ce su za su ɗauka. Na tsaya baya. Alhaji ya waiwayo ya ga tsumman da na naɗe hannuwana da shi, ya matsa ya bar mini gefe ɗaya. Akwatin ba nauyi. Ciwon ya cinye shi, ni ban gani ba.

Lahadi da yamma ƙofar gida ba kowa sai ɓawon gyaɗa da ledojin ruwa. Ɗiyarsa ta yi ta roƙon Inna ta bi ta Fatakwal. Inna ta ce sai ta ga abin da gonar za ta yi. Gola ya koma, shi ma tasa tana jira. Ni na kira mai keken da nake ja na ce ya ba wani, ba zan dawo yanzu ba. Ya ce in ya bayar ya bayar ke nan. Na ce na ji.

Allah ya ba Kawu hutawa. Allah ya gafarta masa inda ya yi tsanani, ya saka masa gonakin mutane da ya nome tasa tana jira. Ku da kuka buga a ƙarƙashinsa, in wannan ta iso gare ku, kofin ba laifi ba ne, ku yi. Amma muna fita da an ga gari, muna dawowa kafin azahar, kuma fartanyun suna nan a jingine.

Litinin muka tafi ni da Inna, mu biyu. Ta tsaya a kan gonar ta daɗe tana dubawa. Ta nuna ɓangaren gangare, wajen rafi, ta ce, "Wancan a bar shi, ya riga ya tafi. Mu ceci na tudu." Ta ɗaure zane, ta tofa yawu a hannu.

Tun ranar Litinin ɗin farko nake riƙe da tambayar, sai a nan ta fito. Na ce, "Inna, yana fushi da ni har ya rasu?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Yana yi."

Na tsaya da fartanya a hannu. Na ce, "Bai bar mini wata magana ba?"

Ta sari ciyawa sau biyu, ta kakkaɓe ƙasar saiwar, ta jefar.

"Ya ce in ka zo a ba ka abinci."